Fitowar da Ba Ta da Murya

A bakin ƙofar sitidiyon aka karɓe mana wayoyi. Mai gadin ya saka kowace a 'yar jaka, ya liƙa mata lamba, sannan ya miƙo mana takarda mu sa hannu cewa ba za mu ambaci sunan fim ɗin da za a nuna mana ba sai faifansa ya shiga kasuwa. Na sa hannu, kuma ina kan alƙawarina, shi ya sa ba za ku ji sunan fim ɗin ko na kamfanin daga bakina ba. Sauran abin da idona ya gani kuwa, babu wanda ya hana ni faɗa.

Mu 24 ne. Akwai likitan haƙori, akwai direban babbar mota, akwai malamar makaranta da ta yi ritaya, akwai ni. Abin da ya haɗa mu shi ne kowa ya ware ɗaki guda a gidansa, ya toshe tagogi, ya shafe bango da baƙin fenti, ya rataya majigi a silin, ya jera sifiku gaba da baya. Irin mutanen da za su iya raba dare suna musu kan kusurwar da ta dace a ajiye sifikar gurnani. Kuma har gobe muna sayen faifai, a lokacin da yawancin jama'a suka koma kallo ta intanet.

Ranar Laraba da yamma na sauka a filin jirgin Los Anjeles, cikin watan Oktoba. Ɗan yayata da ke karatu a can ne ya zo ɗaukata. Muka hau babbar hanya mai lamba 405 muka yi arewa, cunkoso ya riƙe mu a hawan tsauni har rana ta faɗi, kafin mu gangara kwarin San Fernando mu karkata zuwa Burbank inda masaukinmu yake. Mutane da yawa na ɗauka duk manyan sitidiyoyin suna cikin unguwar Holiwud ne. Ba haka ba ne. Warner Bros. da Disney a Burbank suke, Universal na nan kusa da su, Sony na Culver City a tsohon filin MGM, Paramount ce ta rage a Holiwud ɗin kanta, a titin Melrose.

Muna cikin cunkoson yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wai duk wannan doguwar tafiyar don ka kalli abin da masu fim ɗin da kansu suka yanke suka ajiye?"

Na ce masa, "Ɗana, ai a wajen gyara ake gane hannun mai awo."

Gyara nake kiran ƙarin da ake zubawa a faifai bayan fim ɗin kansa: sharhin darakta, hira da ma'aikata, fitowar da aka yanke, hotunan bayan fage. Shi aka gayyace mu mu gani kafin kowa, mu faɗi ra'ayinmu.

Washegari da safe bas ta kai mu. Daga ƙofa aka ɗebe mu a 'yan motocin lantarki aka ratsa da mu cikin filin. Manyan zaurukan ɗaukar fim a jere kamar sito-sito, kowane da lambarsa, da jar fitila a bakin ƙofa wadda in ta kama babu mai shiga. Sai unguwar bogi, gidaje masu fuska babu ciki, ka leƙa ta taga ka ga katako da ƙarfe sun tokare bango. Duk wannan masu yawon buɗe ido ma suna gani. Inda aka kai mu bayan nan ne ba kowa ke shiga ba.

Wani gini ne marar ado, sanyin cikinsa kamar na firij. Matar da ta tarbe mu ta haura shekara 30 tana aikin adana fina-finai. Ta zura farar safar hannu, ta ɗauko wani gwangwani mai faɗi, ta ɗaga murfin kaɗan ta ce mu matso mu shinshina. Wani tsami ya doki hancina, sak ruwan kal. Ta ce wannan warin shi ne alamar zaren fim ɗin da ke naɗe a ciki ya fara mutuwa. Sinadarin da aka yi shi da shi ne ke ruɓewa yana fitar da asid, zaren ya tsuke, ya nannaɗe, ya bushe, kuma in ya fara ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu da sanyi da busasshiyar iska. Ta rufe murfin a hankali kamar mai rufa wa marar lafiya bargo.

Wannan ma shi ne zaren da ake kira mai aminci. Wanda aka yi amfani da shi kafin farkon shekarun 1950 na naitiret ne, mai kamawa da wuta kamar fetur, kuma in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. A 1937 ma'ajiyar kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ta ƙone, ta tafi da mafi yawan tsofaffin fina-finansu marasa magana. A 1965 wata ma'ajiyar MGM ta bi sahu. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace ɗungurungum. Na daɗe da sanin wannan adadi, amma sai da na tsaya gaban kantocin nan hancina cike da tsami sannan ya zauna mini a rai. Shi ya sa yanzu ake kai wasu asalin zarurrukan can Hutchinson a jihar Kansas, a ajiye su cikin ramin haƙar gishiri mai zurfin ƙafa 650, inda babu laima babu zafi.

Fim ɗin da muka zo dominsa na farkon shekarun 1950 ne, kuma an ɗauke shi da tsohuwar kyamarar Technicolor. Ta shimfiɗa mana zare uku a kan teburi mai fitila a ƙasa. Na yi mamaki da na ga dukkansu baƙi da fari ne. Ashe kyamarar tana raba haske ne gida uku, zare ɗaya ya riƙe rabon ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, sai a wajen bugawa a haɗa su launi ya fito. Matsalar ita ce shekara 70 ba ta tsuke su daidai wa daida ba. In ka ɗora su a yau sai ka ga ja ya leƙo ta gefen fuska, shuɗi ya zame ta wancan gefen. Dole a ɗauki hoton kowane ɗaya a kwamfuta, a daidaita su. Fim na gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, fim mai awa biyu ke nan yana da hoto 172,800, a nan kuma sau uku. Ta miƙo mini gilashin ƙara girma na duƙa. A cikin ɗan hoton da bai kai kan babban yatsana ba, na ga leshin wuyan wata riga, zare-zare, har da inda allura ta bi.

Bayan azahar aka shigar da mu ɗakin kallo, mai kujeru kamar 40. Dattijon da ya zauna kusa da ni tsohon ma'aikacin lantarki ne, kuma tarihin faifai kaf a aljihunsa yake, don babu wanda bai kashe wa kuɗi ba. Ya fara da LaserDisc, wanda ya fito a 1978, faifai mai faɗin faranti da sai ka tashi ka juya shi a tsakiyar fim. A kansa aka fara sharhin murya, lokacin da kamfanin Criterion ya fitar da King Kong a 1984, masanin tarihin fim Ronald Haver yana magana a kan hoton yana bayanin yadda aka yi shi. Dattijon ya ce daga ranar da ya ji wannan sharhin kallonsa ya sauya. DVD ya zo Japan a 1996, ya iso Amurka a 1997, ya saya. Da aka shiga takara tsakanin Blu-ray da HD DVD a 2006, sai ya bi HD DVD, Toshiba, kamfanin da ke bayan HD DVD ɗin, ta janye a watan Fabrairun 2008 ta bar shi da na'ura da tarin faifai. Bai yi fushi ba. Da Ultra HD Blu-ray ya fito a 2016 yana cikin na farko.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sau nawa ke nan ka sayi fim guda?"

Ya ɗaga yatsu biyar, fitilu suka mutu.

Furodusan faifan ya fara nuna mana kwatancin aikin farfaɗowa, allo a rabe biyu, tsoho a hagu sabo a dama. Ya yi kyau, amma mun saba ganin irinsa. Sai guntun sharhin wani masani, wanda a ganina ya cika karanto takarda, ya bar abin da ke gudana a allo yana ba da tarihin auren jarumai. Na rubuta haka a takardar da aka raba mana, don sharhi mai kyau shi ne wanda ke nuna maka abin da ke gaban idonka ba ka lura ba.

Sannan aka sako hirar. Wata tsohuwa ce da ta haura 90, a zaune a falonta. Tana da shekara 19 ta shiga sashen ɗinki na sitidiyon, kuma sunanta bai taɓa fitowa a jerin sunayen kowane fim ba, don a wancan zamanin shugaban sashe kaɗai ake rubutawa. Aka ɗora mata hoton rigar nan a cinya. Ta yi shiru, ta bi wuyan da yatsa, ta ce ita ta ɗinka shi, kwana huɗu, da hannu. Ta ce fitilun da Technicolor ke buƙata suna da zafin da gumi ke ɓata riga kafin a gama ɗauka, saboda haka kowace riga sai an yi mata tagwaye, kuma ita ke tsaye bayan kyamara da allura a baki. Leshin da na gani da safe ta gilashi ke nan. Na ji tsigar jikina ta tashi. Furodusan ya gaya mana awa uku suka yi da ita, minti 20 kawai za su shiga faifai, kuma cikin duk waɗanda suka yi aikin fim ɗin ita kaɗai suka samu da rai.

Daga nan sai fitowar da aka yanke. An tsinci hoton a wani gwangwani mai kuskuren lakabi, amma muryar ba ta nan, domin hoto da sauti daban-daban ake ɗaukarsu, kuma naɗin sautin bai tsira ba. Allon tafawa, wanda ake bugawa a farkon kowace ɗauka, ya bayyana, hannu ya buga shi, babu ƙara. Mace da namiji a bakin matakala, tana magana yana kallon ƙasa. Leɓɓanta na motsi, ta tsaya, ta sake cewa wani abu gajere, sai ya ɗago. Minti biyu da 'yan daƙiƙu. Ɗakin da aka kashe dukiya wajen sifikunsa ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashin mutane. A ƙarshe, bayan an ce a tsaya, kyamarar ta ci gaba da gudu kaɗan, jarumar ta saki kafaɗa ta yi dariya, wata yarinya ta shigo daga gefe da gudu ta gyara mata wuyan riga. Rabin fuskarta kawai aka gani. Furodusan ya ce sun nuna wa tsohuwar, ta ce ba za ta rantse ba, amma tana jin ita ce.

Da aka kunna fitilu aka buɗe fagen tambaya, sai aka koma tsohuwar rigimarmu, wato tsakin hoto. Zaren fim yana da 'yan ƙwayoyi masu motsi, su ne jikin hoton. Wasu kamfanoni kan goge su da kwamfuta don hoto ya yi sumul, sai fuskokin mutane su koma kamar na kakin zuma, ramukan fata da saƙar tufafi su tafi tare da tsakin. Likitan haƙorin ya yi magana da zafi a kai, kuma ina bayansa ɗari bisa ɗari. Injiniyan kamfanin ya ce ba su taɓa shi ba, kuma wannan na cikin dalilan da faifai ya fi: mai ɗaukar gigabait 100 yana da sararin riƙe tsakin, alhali kallo ta intanet sai an matse hoton, tsakin ne kuma ke fara narkewa.

Ni tambayata daban ce. Na ce fim ɗin kansa kullum da rubutun magana a ƙasa, amma gyaran sau da yawa babu. Tsohuwar nan muryarta ta yi rauni, tana haɗiye kalmomi. Wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, da kurma, da dattijon da kunnensa ya yi nauyi, yaya za su ji ta? An yi tafiya an nemo ta, an zauna da ita awa uku, sai kuma a bar rabin masu saye a waje? Furodusan bai kare kansa ba. Ya ce kuɗin da ake ware wa gyara ya ragu ƙwarai, kuma gaskiyarsa ce, kasuwar ta tsuke: Netflix ta rufe aika DVD ta gidan waya a watan Satumban 2023, shagunan Best Buy suka daina sayar da faifan fim a farkon 2024. Duk da haka ya zaro biro ya rubuta, ya ce zai kai maganar sama. Malamar makarantar ta juyo daga kujerar gaba ta ce mijinta ma da na'urar ji yake kallo.

Saura minti goma bas ta zo, furodusan ya tambaya ko akwai abin da muke so a maimaita. Dattijon nan bai jira kowa ba, ya ce a sake sako matakalar. Aka kashe fitilu. Wannan karon babu wanda ya kalli jaruman. Dukkanmu gefen dama na allon muka zuba wa ido, muna jiran yarinyar ta shigo.