Man hasken fata da ba ya busar da fuska

Sana'ata haɗa man shafawa, ni da yara mata ma'aikata a wani ɗan shago a nan Kano. Yawancin masu zuwa maganarsu ɗaya ce: "Hajiya, a haɗa min mai ƙarfi, biki ya matso." Ni kuwa sai na fara shafa bayan hannun mace. Idan fatar ta yi gautsi, ta yi furu-furu, ko me aka zuba mata na haske zafi zai yi mata, ta yi ja, daga baya wurin ya koma baƙi fiye da da.

Shi ya sa kowane haɗi nake fara shi daga ɓangaren laushi. Gilisarin, wani sinadari mai yauƙi da ake sawa a man shafawa, yana jawo ruwa ya riƙe a saman fata, amma da hunturu iskar kanta a bushe take, ba ta da ruwan da za ta bayar. Dole a ɗora man kaɗanya ya toshe, kada damshin ya tsere. Kaɗanyar ma da ma'auni. Ta yi yawa, man ya yi nauyi, mai maiƙon fuska ta dawo da ƙuraje tana ƙorafi.

Bayan nan ake maganar haske, kuma abin da nake nufi shi ne tabon ƙuraje ya dushe, launin fuska ya daidaita. Niyasinamaid, wato bitamin B3, nake sawa kashi 4 cikin ɗari, ba na wuce 5. Ina son sa don ba shi da rigima, yana zama lafiya da gilisarin, kuma shi kansa yana taimaka wa fata ta riƙe ruwa. Bitamin C zalla kuwa ɗan gata ne. Sai haɗin ya yi tsami sosai, ma'aunin tsami, wato pH, ƙasa da 3.5, kafin ya yi aiki, alhali niyasinamaid ya fi son wajen 6. Ga shi zafin watan Afrilu da hasken rana suna mai da bitamin C ruwan ƙasa cikin kwalba. Ba na gwama su roba ɗaya.

Duk abin da ruwa ya shiga sai an sa masa maganin hana lalacewa. Masu tallan "ba sinadari ko ɗaya" a Instagram, ban san yadda suke hana mansu fumfuna ba.

Wasu suna tafiya idan na ce ba na sa haidurokwinon ko man sitiroid, wato sinadaran da masu bilicin ke amfani da su, kuma aikin nawa sai an yi wata biyu ko uku, tare da man kare rana kullum. A 2023 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta ayyana dokar ta-ɓaci kan bilicin, amma har yau ana haɗa shi a bayan kanta. Waɗanda suka je can su ne ke dawo min da gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, da nankarwa a damtse, fata ta yi siriri har jijiya ta fito. Irin wannan ba na sayar mata da komai na haske. Man laushi zalla nake ba ta, in ce ta je ta ga likitan fata tukuna.