Makonni uku da Titan ya cinye mini

Har yau idan na tuna ranar da na kai wa Malam sakamakon nan, sai kunya ta kama ni.

Aikin digirina na biyu ne a kan Titan, babban watan duniyar Saturn. Bayanan na'urar CIRS ta kumbon Cassini na sauke, wadda ke auna hasken zafi da ido ba ya gani, wato infrared. Kowace iska da tsawon zangon hasken da take haskawa, ana auna shi da maikiron: metan a 7.7, etan a 12.2, asitilin a 13.7. Asitilin ɗin nan, e, shi ne gas ɗin masu walda. Gano layukan, wato alamar hasken kowace iska a cikin bayanan, bai ba ni wahala ba.

Wurin auna yawansu na tafka kuskure. Na ɗauki ma'aunin 2006 na can ƙuryar arewacin Titan, lokacin ana tsakiyar hunturu a wajen, amma na sa wa lissafin yanayin zafin yankin tsakiyar Titan, wato wajen ikwaita, don shi ne a hannuna. Sai lissafi ya nuna asitilin ya ragu a arewa. Ni kuwa har da murna, wai na gano abin da turawa suka tsallake!

Malam ya duba, ya ce, "Ɗan nan, zafin ina ka sa?"

Nan jikina ya yi sanyi. Ƙarfin layi a irin wannan haske ya dogara da yawan iskar da kuma zafinta. A arewa, ƙasan sashen saman sararin Titan da ake kira stratosphere ya fi sanyi a hunturu, don haka haskensa ya raunana, ni kuma na fassara raunin da ƙarancin iska. Alhali akasin haka ne: iska na gangarowa daga sama a ɓangaren da ke hunturu, tana tara waɗannan sinadarai a can.

Abin haushin, maganin na gabana tun farko. Metan kusan kashi 1.4 cikin ɗari ne a wannan sararin, kuma ba ya sauyawa sosai, shi ya sa ake fara ciro zafi daga layinsa na 7.7 kafin a taɓa sauran. Na karanta haka, na tsallake don gaggawa.

Makonni uku na sake lissafin daga tushe, ga wutar lantarki na ɗaukewa. Tsohon jadawalin yana nan a kwamfutata, ban goge ba, kuma ban nuna wa kowa ba bayan Malam.