Kufan garinsu Baba

Jiya na raka Baba Damargu, gaba da Tanut a kan hanyar Agadas, wai sai ya ga garin da aka binne cibiyarsa. Gari fa na ce, amma kufai muka tarar. Ba ko bango. Sai tsingaro, da wani dutsen niƙa da rairayi ya ci rabinsa, da bakin rijiya da ta rufta.

Shi kuwa da sandarsa yana nunawa: nan masallaci, nan rumbunan gero, can gindin aduwa ake ɗaure raƙuma. Ni dai ƙasa kawai nake gani.

Farin 1973 sun jure shi. Na 1984, wanda tsofaffi ke kira El-Buhari don lokacin ne Najeriya ta rufe iyaka, shi ya watse su. Dabbobi suka mutu, rijiya ta ƙafe, wasu suka gangaro Damagaram, wasu Kano.

Maƙabarta ce ta ba mu wuya. Da ƙyar ya gane ta, muka yi addu'a. A mota na ce, "Baba, ga ruwa." Bai karɓa ba har muka shigo Zinder.