Wasiƙa daga Mishigan: malamin da ya tsaya kan jiha ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan kaka ta yi albarka, hunturu kuma ya shigo da sauƙi. Mu nan itatuwa sun gama zubar da ganye, sanyi ya kankama.

Makon jiya na halarci wani taro a Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor, tun daga ranar kuwa hankalina ya koma Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna. Taron hasashen tattalin arziki ne da ake yi kowane Nuwamba. Cibiyar binciken tattalin arziki ta jami'ar da ke shirya shi, wadda ake kira RSQE a taƙaice, Lawrence Klein ne ya kafa ta a 1952, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1980. Yau sama da shekara 70 ke nan ba su fasa ba.

Cikin malaman da suka riƙe wannan cibiya, wanda rayuwarsa ta fi taɓa ni shi ne George Fulton. Ya shafe fiye da shekara 30 yana bibiyar tattalin arzikin jihar Mishigan, har ya zama shugaban cibiyar. Aikinsa a lokacin shi ne ya faɗi, da alƙaluma, ayyukan yi nawa za su ƙaru ko su ragu baɗi, yadda albashi zai kasance, da harajin da gwamnati za ta iya tarawa. Da yake mota ce ginshiƙin arzikin jihar, lissafin kan fara ne daga motoci nawa Amurkawa za su saya, da kason da Ford da General Motors da Chrysler za su samu a ciki. Daga nan sai ya bi zaren zuwa mai ƙera birki a ƙaramin gari, da mai gidan abincin da ke bakin masana'anta, har ya dire kan baitulmalin jiha. A wancan lokaci shi da abokin aikinsa Donald Grimes sukan sauka har matakin gunduma, kamar Oakland da Washtenaw.

Na san wani zai ce gaibu sai Allah. Haka ne. Amma ɗan kasuwar Dawanau da ya ga yadda damina ta kaya ya ƙiyasta farashin gero ba duba ya yi ba. Bambancin shi ne waɗannan malamai suna rubuta nasu ƙiyasin kowa ya gani, shekara ta zagayo su tsaya gaban jama'a su nuna inda suka dace da inda suka kuskure. Wannan ya burge ni matuƙa.

Kuma maganarsu ba ta ƙarewa a zauren jami'a. A Janairu da Mayu ana zama a Lansing, babban birnin jihar, a saurari masu hasashe, sannan ɓangaren gwamna da ofisoshin kuɗi na majalisun jihar biyu su amince da adadi ɗaya na kuɗin shiga. A kansa ake ɗora kasafi. Ba a hana 'yan siyasa faɗa kan yadda za a kashe kuɗin, amma babu mai ƙirƙiro kuɗin da babu.

Hasashe bai hana Mishigan shan wuya ba. Tsakanin 2000 da 2009 ta yi asarar ayyuka sama da 800,000, General Motors da Chrysler suka durƙushe a 2009, birnin Detroit kansa ya kasa biyan bashin kimanin dala biliyan 18 a 2013. Sai dai duk tsawon wannan masifa akwai masu ƙidaya, akwai masu gaya wa hukuma gaskiya mai ɗaci kafin ta iso.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin wata masaƙa ne a Kakuri. Ban manta safiyar da ya hau kekensa kamar kullum, ya dawo tun hantsi bai dubi ludayi ba, kwanon abincinsa ɗaure a bayan keken ko buɗe shi bai yi ba. Ya jingine keken a zaure, ya zauna bai ce uffan ba. Cikin 'yan watanni mai kokon bakin ƙofar kamfanin ta tashi, 'yan haya suka watse, manoman auduga na Funtuwa da Gusau suka rasa mai saye. Rashin lantarki, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri duk sun daɗe suna nuna alama. Ba mu taɓa jin wani ya lissafa mana abin da ke tafe ba.

Har yanzu jihohinmu kason Abuja suke jira duk wata. Kun tuna 2015, da farashin ɗanyen mai ya faɗi, yadda jihohi da dama suka kasa biyan albashi sai da tarayya ta kawo ɗauki.

Don haka ƙannena masu karatun tattalin arziki a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, ina roƙonku, wani cikinku ya zaɓi jiha ɗaya ya zauna a kanta. Ya fara da abin da hannunsa zai kai: farashin hatsi duk mako, yawan tirelolin da ke shiga kasuwa, harajin da jiha ta ce ta tara. Ya wallafa ƙiyasinsa na baɗi da sunansa a jiki, in shekara ta zagayo ya dawo ya faɗa mana inda ya kuskure.

A gaishe mini da mutanen Kakuri.

Naku,
ɗan Kaduna mazaunin Mishigan