Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daren da Zazzaɓin Auta Ya Sauka

Makon jiya na tsaya ne a inda na samu aiki na dawo gidan iyayena da zama. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in iso wannan kashin. Duk abin da zan ba ku labari yau a cikin kwana shida ya faru, kuma har gobe ina iya jero kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya ba tare da na yi tuntuɓe ba.

Auta yana da shekara 19 a lokacin. Shekara bakwai na ba shi, ni na yi rainonsa, ni na kama hannunsa ya fara rubuta sunansa, shi ya sa ko da ya zo ya fi ni tsawo ban daina yi masa kallon yaro ba. Ba shi da zance sai na ƙwallo. Ranar Asabar da yamma ya shigo gida yana ɗingishi, jini ya bushe a ƙwaurinsa na hagu. Wani ne ya taka shi da ƙusar takalmi a fili. Ciwon bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na wanke masa da ruwa da sabulu, na naɗe da bandeji, yana ta tsokanata: "Yaya, kin ɗaure ni kamar wanda mota ta kaɗe."

Lahadi ya koma fili da bandejin a ƙafa. Litinin wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, fatar ta miƙe tana sheƙi, kaluluwa ta fito masa a gindin cinya. Talata zazzaɓi ya rufe shi. Muka ba shi farasitamol. Akwai kuma ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka taɓa rubuta wa Baba lokacin da ya yi ciwon haƙori, ƙwaya huɗu a gindin kwali, muka haɗa masa da su. A ganinmu mun yi dabara.

Laraba da rana ya fara rawar sanyi irin wadda ban taɓa gani ba. Bargo biyu muka lulluɓa masa, amma ina jin haƙoransa suna haɗuwa daga bakin ƙofa. Ya yi amai sau uku. Na sa masa ma'aunin zafi, ya nuna 39.8. Ya riƙe gefen rigata ya ce, "Yaya, ji nake kamar mutuwa zan yi." Na ce masa, "Kai dai raggo ne, ɗan zazzaɓin nan?" Daga baya ne na san cewa likitoci ba sa wasa da wannan kalmar in ta fito daga bakin mai irin wannan ciwo, har cikin alamomin da ake koya wa mutane ana lissafa ta. Ni kuwa dariya na mayar da ita.

Sai daren.

Da misalin ƙarfe tara Mama ta kira ni. Baba ya yi tafiya, mu biyu ne a kansa. Ta ce, "Zo ki taɓa shi ki ji." Na ɗora hannu a goshinsa, sai na ji sanyi, da wani gumi mai danƙo. Na ɗauko ma'aunin, ya nuna 35.5. Wallahi hamdala na yi, har na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Kwana biyu muna roƙon zafin nan ya sauka, ga shi ya sauka.

Amma numfashinsa na fita da sauri-sauri kamar wanda ya gama gudu, alhali tun safe yana kwance. Ya buɗe ido ya dube ni, ya kira ni da sunan wani abokin wasansa, ya ce, "An busa ne? Me ya sa ba su ba mu ƙwallon ba?" Mama ta yi shiru tana kallonsa, can ta ce, "Ni fa tun safe ban ga ya shiga banɗaki ba. Yaron nan bai yi fitsari ba yau. Mu kai shi asibiti."

Abin da na ce mata, ban ƙara ko rage harafi ba, shi ne: "Mama, dare ya yi, kuma ga shi zazzaɓin ya sauka. Sambatun gajiya ne, kwana biyu bai yi barci ba. Bari gari ya waye."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "To, ke kika yi karatu." Ta gyara masa bargo ta zauna a gefen gadon. Mama ba ta taɓa jin sunan ciwon ba, amma ta ga duk abin da ya kamata a gani. Ni mai ma'auni a hannu lamba ɗaya na gani, na kuma karanta ta a baibai.

Da asuba muka kasa tashinsa sosai. Yana buɗe ido yana rufewa, leɓensa sun yi toka-toka, tafin hannunsa kamar an tsoma a ruwan sanyi. Wani maƙwabci ne ya ɗauke mu a motarsa. A sashen gaggawa wata nas ta ɗaura masa abin awon jini, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. 78 bisa 44. Bugun zuciya 130 da wani abu, numfashi 32 a minti ɗaya. Ba ta ce mana komai ba, ta juya da sauri ta kira likita.

Likitan ya kwance bandejin ya dubi ƙafar, wadda ta yi baƙi-baƙi ta kumbura har gwiwa. Ya ce, "Ke ce yayarsa? Yaushe ya yi fitsari na ƙarshe?" Na ce jiya da safe. "Yaushe ya fara rikicewa?" Na ce jiya da misalin tara na dare. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Bakwai da rabi. Bai ce uffan ba, ya ci gaba da rubutu, amma ni ma na dubi agogon na yi lissafin da ya yi.

Daga nan komai a guje aka yi shi. Allura a hannu biyu. Aka ɗebi jini aka kai ɗakin gwaji don a gano wace ƙwayar cuta ce, amma ba a jira sakamako ba, nan take aka ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ledar ruwa na ƙarewa ana rataya wata. Aka sa masa oksijin, aka sa robar fitsari. Ita ce na fi kallo a ranar, jakar nan da ke rataye a gefen gado. Awa biyu, awa uku, abin da ya taru a cikinta bai cika cokali biyu ba, shi ma ja-ja. Kafin azahar an shiga da shi tiyata an buɗe ƙafar an kwashe mugunya da naman da ya mutu, daga can aka wuce da shi sashen kulawa ta musamman, aka jona masa na'urar numfashi da maganin da ke ɗaga jini.

A baranda likitan ya zaunar da mu ya faɗi sunan: sefsis. Wasu na ce masa gubar jini, amma yadda ya bayyana mana, abin ya wuce ƙwayar cuta ta shiga jini. Garkuwar jiki ce take tashi yaƙi da ciwon, sai yaƙin ya fi ƙarfin wurin da ya fara, ya bazu ko'ina, jiki ya koma yana ɓarnar kansa. Jijiyoyin jini su saki su fara yoyo, jini ya faɗi, ƙananan gudaji su toshe hanyoyi, gaɓoɓi su rasa iskar da suke rayuwa da ita. Yana magana ina jin daren jiya yana dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Rashin fitsarin nan ƙoda ce ta fara tsayawa. Sambatun ƙwallo ƙwaƙwalwa ce ba ta samun isasshen jini. Sanyin da na yi wa hamdala kuwa, jiki ne ya janye jini daga fata don ya ceci zuciya da ƙwaƙwalwa. Ashe mai sefsis zafinsa na iya hawa, yana kuma iya faɗuwa ƙasa da na mai lafiya, kuma faɗuwar ba sauƙi ba ce.

Na tambaye shi abin da ke cina: "Likita, da mun kawo shi jiya da dare, zai tashi?" Ya ce, "Da damarsa ta fi haka nesa ba kusa ba. Amma in kina neman ranar da ta fi dacewa, Litinin ce, ranar da ƙafar ta kumbura." Ina ganin ya faɗi haka ne don ya rage mini nauyin daren. Sai ya zama ya ƙara mini kwana biyu a kan abin da nake ɗauke da shi.

Auta ya cika ranar Juma'a kafin ketowar alfijir. Baba ya iso da awa uku kacal kafin nan.

Masu zuwa gaisuwa kowa na cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, babu mai wuce ranarsa. Sai dai yardar ba ta hana ni karatu ba. Watanni na yi ina bin duk abin da na samu a kan ciwon nan, kamar mai neman wanda zai yanke mata hukunci. Na ga ƙa'idar da likitocin duniya suke bi, cewa wanda sefsis ya kai jininsa ya faɗi a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da gane shi. Awa ɗaya. Mu mun ba shi awa goma da rabi yana kwance a ɗaki. Na ga alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya take kafa hujja da su: a shekarar 2017 mutum kusan miliyan 49 ne suka kamu, miliyan 11 suka mutu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya, kuma kusan rabin masu kamuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Na ga cewa mafarinsa sau da yawa abin da ake rainawa ne, ciwon huhu, ciwon mafitsara, ciwon ciki, ko ɗan rauni a fata irin na Auta. Har Muhammad Ali, da duk likitocin da ke kansa a Amurka, sefsis ne ya ƙarasa shi a watan Yunin 2016. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an ware wa ciwon rana guda, 13 ga Satumba, tun 2012 ake yi, amma ni da takardun makarantata ban taɓa jin ko sunansa ba sai a barandar asibiti.

Mama ba ta taɓa tayar da maganar daren nan ba. Ko sau ɗaya. Da ta yi mini faɗa, ina jin da na fi samun sauƙi.

Bayan kamar wata huɗu ta tashi da ciwon kai da ɗumin jiki, ta ce in auna ta. Na buɗe durowa na ɗauko ma'aunin, wanda babu wanda ya sake taɓawa tun ranar. Irin mai batir ɗin nan ne da in ka kunna yake fara nuna awon ƙarshe da aka yi da shi. Na danna, ya yi ƙara, ya nuna 35.5. Mama na gefena, ta gani. Ta karɓe shi daga hannuna a hankali ta sa a hammatarta, ta ce, "In ya nuna, ki ɗauko mayafinki mu tafi asibiti, ko nawa ne."

Mako mai zuwa zan faɗi yadda ni da Baba muka shekara a gida ɗaya ba mu haɗa ido ba.