Layin `%d` da ya kayar da shirina

Shirin yana tafiya lafiya lau a kwamfutata mai bit 64. Da muka ɗora shi kan wata ƙaramar na'ura mai ARM na bit 32, sai ya riƙa faɗuwa. Kwana biyu ina bin sawun matsalar a inda nake ganin lissafi ya fi wuya, ashe tana nan a layin da ke rubuta rahoto:

`rubuta_log("hali %d, fayil %s", hali, suna);`

Wannan `hali` enum ne na harshen C++, wato jerin sunaye da kowanne ke wakiltar wata lamba. Da farko lambobi ne 'yan kaɗan a cikinsa. Da aiki ya girma muka mayar da shi tutoci, kowane bit da ma'anarsa, muka ɗora shi a kan `uint64_t`, lamba mai bit 64 wato bayit 8, kamar yadda C++11 ya ba da dama. Layin rahoton kuwa babu wanda ya sake waiwayarsa.

Abin da ban riƙe da kyau ba a lokacin shi ne, `printf` mai buga rubutu da danginta irin `rubuta_log` ba sa ganin nau'in abin da aka miƙa musu. Rubutun tsarin nan da ke cikin alamar zance shi kaɗai suke bi. Da ta ga `%d`, alamar lamba, sai ta ɗebi bayit 4, alhali 8 aka ajiye. A x86-64, wato irin kwamfutata mai bit 64, kowane abu yana samun gurbi mai bayit 8, don haka ko an karanta rabi, na gaba yana nan a mazauninsa. A bit 32 kuwa jerin ya goce, `%s`, mai jiran adireshin sunan fayil, ta ɗauki wani yanki na lambar a matsayin adireshin, ta je karanta inda ba ta da izini. Ƙa'idar harshen ba ta yi wa irin wannan kuskure alkawarin komai ba, shi ya sa ya yi shiru a wata na'ura ya fashe a wata.

Abin da ya fi ci mini rai, `-Wall` mai kunna gargaɗi iri-iri a kunne yake, kuma `-Wformat` mai duba irin wannan kuskure na cikinsa. Me ya hana GCC, kamfailan da ke gina shirin daga kod, magana? Ya san `printf` da `scanf`, amma bai san `rubuta_log` da na rubuta da hannuna ba. Sai an gaya masa:

`__attribute__((format(printf, 1, 2)))`

Lamba 1 ita ce gurbin rubutun tsari, 2 kuma inda sauran abubuwan suka fara. Idan aikin yana cikin aji ne a C++, `this` yana cinye gurbi na farko, sai a rubuta 2 da 3. Clang, wani kamfailan daban, shi ma yana gane wannan alama.

Ina sa ta, gargaɗi ya cika allo. Ga `size_t` da `%d` a inda ya kamata a sa `%zu`. Ga `int64_t` da `%ld`, wanda ke tafiya a Linux mai bit 64 amma ya karye a Windows, inda `long` bayit 4 ne. Maganinsa `PRId64` daga `inttypes.h`. Layin da ya kayar da mu ma ga shi nan a tsakiyarsu, da lambar layi da sunan nau'in da bai dace ba.

A nan na yi kuskure na biyu. Don in ga allo ya yi fes, na bi enum ɗin ina manna masa `(int)`. Gargaɗi ya ɗauke, shirin ya daina faɗuwa, amma duk tutar da ke sama da bit na 31 ta ɓace daga rahoto. Rahoton da ke nuna hali ba daidai ba ya fi mini faɗuwa haɗari, domin da shi zan dogara ranar da wata matsala ta taso. Na cire su, na mayar da shi `uint64_t` a fili, na buga da `PRIx64`.

Ba ko'ina `(int)` yake laifi ba. A C ƙa'ida ta bar wa kamfaila zaɓin nau'in da enum zai zauna a kai, kuma GCC yakan ɗauki `unsigned int` idan babu lamba ƙasa da sifili, ko da yake sunayen da ke cikin enum ɗin `int` ne. Shi ya sa `-Wformat-signedness`, wanda ya zo da GCC 5, yake kuka kan `%d` da ƙaramin enum. A irin wannan na yarda da `(int)`, bayan na duba lambobin da idona na ga sun shiga.

Daga baya na daina buga enum a matsayin lamba a yawancin wurare. Na rubuta ɗan aiki mai mayar da kowane hali zuwa sunansa, da `switch` wanda da gangan ban sa masa `default` ba, domin `default` yana toshe bakin `-Wswitch`, gargaɗin da ke nuna halin da aka manta. Na ƙara `-Werror=format` da `-Werror=switch`, masu mayar da gargaɗi kuskuren da ke tsayar da gini, na kuma sa ana gina shirin don bit 32 duk lokacin da aka taɓa kod. Bayan wasu watanni abokin aikina ya ƙara sabon hali a wani enum ya manta da sunansa. Ginin ya tsaya a kan layin, ya gyara shi kafin kod ɗin ya kai ga na'ura.