Shawarar da ta zo bayan an gama shan magani

A daminar bara baffana, wanda ke zaune a Gwammaja, ya yi fama da ciwon haƙori, ya aika aka sayo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, irin wanda aka haɗa amoksisilin da kilabulanet. Ya sha na kwana 7, haƙori ya lafa, kowa ya manta. Sai bayan kusan mako 3 idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ƙaiƙayi ya hana shi barci. A gida kowa ya ce shawara ce, har an fara jiƙa masa saiwoyi kafin muka lallashe shi zuwa asibiti.

Gwajin ciwon hanta nau'in B da C bai nuna komai ba, hoton ciki ma bai nuna toshewa ba. Sai likitar ta ce, "Baba, wane magani kuka sha a watanni biyun da suka wuce?" Da ƙyar ya tuna, domin a ganinsa maganin da aka gama sha ba shi da sauran ta cewa.

Bayanin da ta yi mana shi ne ba yawan maganin ne ya yi ɓarna ba, kuma ba jabu ba ne. Garkuwar jikin wasu mutane ce ke ɗaukar maganin a matsayin abokin gaba, kamar yadda take yi a borin jini, sai faɗan ya faɗa kan hanta. Wannan haɗin shi ne kan gaba wajen jawo irin wannan rauni a Amurka da Turai, ya fi kama maza masu shekaru, kuma alamunsa kan iya jinkiri har mako 8. Septrin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yakan yi haka, galibi tare da zazzaɓi da ƙuraje.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayen waɗannan magunguna a Kano ba da takardar likita ba, har saboda mura, wadda ba sa yi mata komai, alhali wanda ya taɓa kamuwa da wannan raunin hanta idan ya sake sha, ciwon kan dawo da sauri kuma da tsanani.

Baffa ya warke cikin wata 2, alhamdulillahi. Na rubuta masa sunan maganin a takarda, yana ajiye da ita tare da katinsa na asibiti.